SHARI'A DA RIKICIN KAN IYAKA: DARASIN HUKUNCIN BAKASSI

Wannan shi ne jawabin da wani malamin shari'ar ƙasa da ƙasa ya gabatar a wani taron ƙara wa juna ilmi, game da yadda doka take raba gardamar kan iyaka tsakanin ƙasashe. An kawo shi nan kusan dukkansa saboda amfanin masu karatu.

Malamin ya fara da cewa da wuya a sami wani a cikin masu sauraronsa wanda bai taɓa ganin rigimar iyakar gona ba. Damina ta faɗi, wani ya shigar da kunya biyu cikin gonar maƙwabcinsa, magana ta tashi, a kira dattawan unguwa su nuna gambar da aka dasa ko kukar da kakanni suka yi shaida da ita. In ta gagari dattawa a tafi wurin dagaci, in ta gagari dagaci a tafi gaban alƙali. Wanda aka kayar kuwa, ko yana so ko ba ya so sai ya bi, domin akwai ɗan doka, akwai kuma gidan yari.

Ya ce ƙasashe ma haka suke rigima a kan iyaka, sai dai akwai bambanci biyu. Na farko, maimakon sanda da fartanya, su igwa da jirgin yaƙi suke ɗauka. Na biyu, babu wani ɗan doka a duniya da zai kamo ƙasa ya kai ta gidan yari don ta ƙi bin hukunci. Tambayar da ya ce taron ya kamata ya amsa ita ce: in haka ne, mene ne amfanin shari'a tsakanin ƙasashe, kuma me zai sa ƙasa mai ƙarfi ta sallama wa wadda ba ta kai ta ba? Ya zaɓi ya amsa da labarin Nijeriya da Kamaru, domin shi ne wanda jama'ar ƙasar nan suka ɗanɗana da kansu.

ASALIN IYAKOKIN

Malamin ya tunatar da cewa iyakokin Afirka na yanzu ba mutanen Afirka suka shata su ba. A taron birnin Balin na 1884 zuwa 1885 Turawa suka shirya ƙa'idodin da za su bi wajen mamaye nahiyar, daga nan kuma suka shiga ƙulla yarjejeniya bibbiyu a tsakaninsu, suna jan layi a kan taswira. Sau da dama wanda ya ja layin bai taɓa sa ƙafa a wurin ba. Layi ya ratsa ƙasar Borno, ya ratsa Adamawa, ya raba Katsina da Maraɗi, ya bar wa a gefe guda ƙane a ɗaya gefen.

Da aka sami mulkin kai, shugabannin Afirka suka tarar da zaɓi mai wuya. Ko dai a rushe waɗannan iyakoki a sake sababbi bisa ƙabila da tarihi, ko kuwa a riƙe su yadda aka gada duk da aibinsu. A taron Ƙungiyar Haɗa Kan Afirka da aka yi a Alkahira cikin watan Yuli na 1964, suka zartar cewa kowace ƙasa za ta mutunta iyakokin da ta tarar ranar da ta sami 'yanci. Maroko da Somaliya ba su yarda ba, domin kowaccensu tana da ƙasar da take nema a hannun maƙwabta. Tarayyar Afirka, wadda ta gaji ƙungiyar, ta sake rubuta wannan ƙa'ida a cikin tsarin mulkinta.

Ya ce kada a ɗauka shugabannin nan sun yi haka ne don ƙaunar aikin Turawa. Sun duba ne suka ga in aka buɗe ƙofar gyara, kowace ƙasa tana da tsohuwar masarauta ko tsohon yaƙi da za ta kafa hujja da shi, kuma ba ranar da za a gama. Masana shari'a suna kiran wannan ƙa'ida da Latinanci uti possidetis, watau kowa ya riƙe abin da ya gada. Kotun Duniya ta tabbatar da ita ran 22 ga Disamba 1986, a shari'ar Mali da Burkina Faso, ƙasashen da suka gwabza yaƙi sau biyu a kan zirin Agasher, a 1974 da kuma Disamba 1985.

KOTUN DUNIYA DA IKONTA

Daga nan ya yi bayanin kotun kanta. Tana zaune a birnin Heg na ƙasar Holan, ita ce babbar kotun Majalisar Ɗinkin Duniya, ta fara aiki a 1946. Alƙalanta goma sha biyar ne, ana zaɓen kowannensu na shekara tara. Nijeriya ba baƙuwa ba ce a zauren, domin Mai Shari'a Charles Onyeama ya zauna a kujerar daga 1967 zuwa 1976, Dokta Taslim Elias ya gaje shi har ya shugabanci kotun daga 1982 zuwa 1985, sannan Yarima Bola Ajibola ya biyo baya.

Dokar Majalisar Ɗinkin Duniya ta hana ƙasashe amfani da ƙarfi don cin ƙasar wani, ta kuma wajabta musu sasanta rigima cikin lumana. Sashe na 33 ya jera hanyoyin, tun daga shawarwari da shiga tsakani har zuwa shari'a. Sashe na 94 ya ce kowace ƙasa ta ɗauki alkawarin bin hukuncin kotun a shari'ar da take ciki, in ta ƙi kuma abokiyar shari'arta tana iya kai kuka Kwamitin Sulhu.

Amma akwai sharaɗi babba, in ji shi: kotun ba ta sauraron ƙara a kan wata ƙasa sai da yardar ƙasar. Yardar tana iya zuwa ta yarjejeniya ta musamman, ko kuwa ƙasa ta rubuta tun da wuri cewa ta amince duk wadda ta yi irin wannan rubutu ta kai ta ƙara. Nijeriya ta ba da irin wannan takarda a 1965. Kamaru ba ta ba da tata ba sai ran 3 ga Maris 1994, ran 29 ga wannan watan kuma ta shigar da ƙara. Lauyoyin Nijeriya sun yi ƙorafi cewa wannan shammata ce, amma a hukuncin 11 ga Yuni 1998 kotun ta ce tana da ikon sauraron ƙarar. Alkawarin da aka ɗauka shekara ashirin da tara kafin nan shi ya kawo Nijeriya gaban alƙalai.

YADDA RIGIMAR TA FARO

Bakassi wani yanki ne na fadama da ƙoramu a bakin teku, gabas da Kalaba, wanda ruwa ya kusan kewayewa. Akasarin mazaunansa masunta ne, Efik da Ibibiyo da danginsu, waɗanda suka ɗauki kansu 'yan Nijeriya. Ruwan yana da albarkar kifi, ga kuma man fetur a ƙarƙashin tekun da ke kewaye.

Ran 10 ga Satumba 1884 Ingila ta ƙulla yarjejeniyar kāriya da sarakunan Tsohuwar Kalaba. Ran 11 ga Maris 1913 kuwa Ingila da Jamus, wadda take mulkin Kamaru a lokacin, suka rattaba hannu a kan yarjejeniyar iyaka daga Yola zuwa teku. Wannan takarda ta sa iyaka a kogin Akwayafe, ta bar Bakassi a gefen Jamus. Bayan Yaƙin Duniya na Farko aka raba Kamaru tsakanin Faransa da Ingila, Ingila ta riƙa gudanar da rabonta tare da Nijeriya, saboda haka shekara arba'in mutanen Bakassi ba su ga wata iyaka tsakaninsu da Kalaba ba.

A watan Fabrairu na 1961 Majalisar Ɗinkin Duniya ta shirya ƙuri'ar jin ra'ayin jama'a a rabon Ingila. Mutanen arewaci, watau ƙasashen Dikwa da Gwoza da Mubi da Ganye da Mambila, suka zaɓi Nijeriya, aka raɗa wa yankin suna Lardin Sardauna. Mutanen kudanci suka zaɓi Kamaru. Gwamnatin Alhaji Ahmadu Ahijo ta ji zafin rashin arewacin har ta kai Ingila ƙara a Heg, amma a watan Disamba na 1963 kotun ta ƙi yanke hukunci a kan maganar. Malamin ya roƙi masu sauraro su riƙe wannan a zuci, domin zai komo kansa.

Bayan yaƙin basasa, Janar Yakubu Gowon da Shugaba Ahijo suka zauna don shata iyakar cikin ruwa. Suka sa hannu a Yawunde ran 4 ga Afrilu 1971, suka ƙara a Marwa ran 1 ga Yuni 1975. Wata biyu bai cika ba aka hamɓare Janar Gowon, gwamnatocin da suka biyo baya kuma suka ce Sanarwar Marwa ba ta hau kansu ba. A watan Mayu na 1981 jandarmomin Kamaru suka kashe sojojin Nijeriya biyar a yankin. Jama'a suka yi ta kiran a ɗauki fansa, Shugaba Shehu Shagari ya danne, Kamaru ta ba da haƙuri ta kuma yarda da biyan diyya. A watan Disamba na 1993 sojojin Nijeriya suka shiga Bakassi, aka yi ta ɗauki ba daɗi, har Kamaru ta garzaya kotu. A watan Yuni na 1994 ta faɗaɗa ƙarar ta haɗa da iyakar baki ɗaya, daga Tafkin Cadi zuwa teku, tafiyar kusan kilomita dubu biyu.

HUJJAR KOWA

Malamin ya ce hujjojin Nijeriya ba na wasa ba ne, kuma duk wanda ya ji su zai ga kamar ba yadda za a yi a kayar da ita. Na farko, yarjejeniyar 1884 ta kāriya ce, sarakunan Kalaba ba su sayar wa Ingila da ƙasarsu ba, mutum kuwa ba ya kyauta da abin da ba nasa ba, saboda haka Ingila ba ta da ikon miƙa wa Jamus Bakassi a 1913. Na biyu, mazauna wurin 'yan Nijeriya ne, Nijeriya ce take karɓar haraji, ita ta gina makarantu da ɗakunan shan magani. Na uku, Majalisar Ƙoli ta Soja ba ta tabbatar da Sanarwar Marwa ba.

Kamaru kuwa takardu ta tara. Ta kawo yarjejeniyar 1913, da dokokin da Ingila ta yi mulkin kudancin Kamaru da su, da sa hannun Yawunde da na Marwa. Ta kawo wata wasiƙa da Nijeriya kanta ta aika mata a watan Maris na 1962 wadda ta nuna iyakar tana bin Akwayafe. Ta kuma nuna cewa jami'an jakadancin Nijeriya sun sha neman izininta kafin su ziyarci 'yan ƙasarsu a Bakassi, baƙo kuwa shi ke neman izini.

Ran 10 ga Oktoba 2002, bayan shekara takwas da rabi, kotun ta yanke hukunci. Da rinjayen alƙalai goma sha huɗu a kan biyu ta ce Bakassi ta Kamaru ce. Waɗanda suka saɓa su ne Mai Shari'a Abdul Koroma na Saliyo da Yarima Bola Ajibola, wanda Nijeriya ta naɗa ya zauna a shari'ar. Kotun ta ce bisa dokar wancan zamani, irin yarjejeniyar 1884 ta ba Ingila ikon ƙasar, saboda haka ta 1913 tana nan daram. Game da Marwa kuwa ta ce shugaban ƙasa yana wakiltar ƙasarsa da sa hannunsa, ba aikin Kamaru ba ne ta binciki dokokin cikin gidan Nijeriya don ta san ko sai wata majalisa ta amince.

A nan malamin ya dakata ya ce ba laifi ba ne mutum ya ji ɗacin wannan hukunci. Kotu ta auna maganar da ma'aunin 'yan mulkin mallaka, ta fifita takardar London a kan alkawarin da aka yi wa sarakunan Kalaba, kuma alƙalan da suka saɓa sun faɗi haka a fili. Da ma Hausawa sun ce shari'a saɓanin hankali ce.

DARAK DA ƘAUYUKAN TAFKI

Mutane da yawa, in ji shi, sun ɗauka shari'ar ta Bakassi ce kaɗai, alhali ta taɓa Jihar Borno kai tsaye. A fare-faren shekarun 1970 da 1980 ruwan Tafkin Cadi ya ja da baya ƙwarai. Masunta da manoma daga Nijeriya, Hausawa da Barebari da Shuwa da sauransu, suka bi ruwan gabas, suka kafa ƙauyuka a kan ƙasar da ta bushe. Mafi girmansu shi ne Darak. Hukumomin Nijeriya suka bi mutanensu da haraji da 'yan sanda da makaranta. Ruwa ya matsa, mutane sun matsa, amma layin da Ingila da Faransa suka ja a 1919, suka tabbatar a 1931, yana nan inda yake.

Ya kwatanta wannan da abin da aka sani a kotunan alƙalai, watau hauzi. Wanda ya riƙe gona shekara goma yana nomawa, mai ita yana gari yana gani, ba dangi ba ne, ba kuma abin da ya hana shi magana, to in ya tashi daga baya ba a sauraronsa. Nijeriya ta kafa hujja mai kama da wannan. Kotu ta amsa da cewa inda akwai yarjejeniya bayyananna, zama a wuri da gudanar da mulki ba su ture ta, sai fa in an tabbatar mai ƙasar ya sallama, Kamaru kuwa ba ta sallama ba. Ta ƙara da cewa shekara ashirin ɗin da ake magana a kai sun yi kaɗan ƙwarai a rayuwar ƙasashe.

Duk da haka Nijeriya ba ta tashi hannu banza ba. A wurare da dama na iyakar tudu kotu ta karɓi fassarar Nijeriya. A cikin teku ta ƙi layin da Kamaru ta nema, ta ja wanda ya bar wa Nijeriya rijiyoyin man da take haƙa. Ta kuma ƙi ba kowane gefe diyya. Sannan ya komo kan abin da ya ce a riƙe a zuci: takardun da suka ba Kamaru Bakassi da Darak, irinsu ne suka tabbatar wa Nijeriya Mubi da Mambila. Wanda ya ce a yage ɗaya, to ya shirya a yage ɗayar.

BAYAN HUKUNCI

Malamin ya ce a nan ne ainihin darasin yake, domin ranar da aka karanta hukunci sojojin Nijeriya suna nan a Bakassi, kuma Kamaru ba ta da ƙarfin fitar da su. Sakataren Majalisar Ɗinkin Duniya, Mista Kofi Annan, ya hango wannan. Ran 5 ga Satumba 2002, wata guda kafin hukunci, ya haɗa Shugaba Olusegun Obasanjo da Shugaba Paul Biya a Faransa don a share fage. Da hukunci ya fito jama'a suka fusata, gwamnati ma ta fitar da sanarwa mai zafi. Ran 15 ga Nuwamba ya sake haɗa su a Janeba, aka kafa hukumar haɗin gwiwa ta ƙasashen biyu ƙarƙashin jagorancin wakilinsa, Ahmadu Ould-Abdallah na Muritaniya.

Hukumar ta fara da mai sauƙi. A watan Disamba na 2003 Nijeriya ta miƙa ƙauyuka sama da talatin a yankin tafki, ta karɓi Dambore. A watan Yuli na 2004 aka yi musayar wasu ƙauyukan a iyakar tudu. Bakassi ta ɗauki lokaci, sai ran 12 ga Yuni 2006 shugabannin biyu suka sa hannu a kan Yarjejeniyar Greentree a Amurka, da shaidar Amurka da Ingila da Faransa da Jamus. Sojojin Nijeriya suka janye cikin watan Agusta na shekarar. A watan Nuwamba na 2007 Majalisar Dattawa ta ce miƙawar ta saɓa wa tsarin mulki tun da ba a kawo mata yarjejeniyar ba, amma Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa ya tsaya a kan alkawari, aka kammala miƙawa a Kalaba ran 14 ga Agusta 2008. Dokar kotun ta ba da shekara goma don neman sake duba hukunci in an gano sabuwar hujja. Wa'adin ya cika a watan Oktoba na 2012, gwamnatin Shugaba Goodluck Jonathan ba ta nema ba.

To, me ya sa mai ƙarfi ya sallama? Malamin ya ba da dalilai. Nijeriya ta daɗe tana aika sojojinta kiyaye zaman lafiya a Laberiya da Saliyo, tana kuma neman a saurare ta a zauren duniya, ba za ta iya kiran wasu ga bin doka ba alhali tana zaune a kan ƙasar da kotu ta ce ba tata ba ce. Kamfanonin mai ba su zuba dukiya a ruwan da ake harbe-harbe a kansa. Mafi muhimmanci kuma, hukunci yana ba shugaba mafita. Babu shugaban da zai tsaya gaban jama'arsa ya ce ya ba maƙwabci ƙasa don raɗin kansa, amma yana iya cewa kotu ta yanke, ƙasa kuwa ta yi alkawarin bi. Shari'a tana mayar da abin da zai zama abin kunya ya zama cika alkawari.

MISALAI DAGA MAƘWABTA

Don kada a ce Nijeriya ce kaɗai ta haɗiye irin wannan, ya kawo labarin Libiya da Cadi. Libiya ta mamaye zirin Auzu a 1973, aka zubar da jini mai yawa a kansa. Ran 3 ga Fabrairu 1994 kotun ta ba Cadi zirin bisa yarjejeniyar da Faransa da Libiya suka ƙulla a 1955. Kafin ƙarshen watan Mayu na shekarar Kanar Gaddafi ya kwashe sojojinsa a gaban 'yan kallo na Majalisar Ɗinkin Duniya.

Jumhuriyar Nijar da Benin kuma sun yi shekara arba'in suna jayayya a kan tsibirin Lete da ke cikin kogin Kwara, kusa da Gaya. Rigimar ta yi tsanani a 1963, lokacin da Nijar ta kori 'yan Dahome da ke aiki a ƙasarta. Daga bisani suka kai maganar Heg tare da yardar juna. Ran 12 ga Yuli 2005 aka ba Nijar tsibirin Lete, aka raba tsibirai ashirin da biyar, goma sha shida ga Nijar, tara ga Benin.

Akwai kuma misalin da ya nuna iyakar ƙarfin shari'a. Habasha da Eritiriya sun yi yaƙi daga 1998 zuwa 2000 a kan garin Badme, dubun dubatan mutane suka halaka. Suka yarda a kafa hukumar shari'a, suka yi alkawarin bin abin da ta yanke. A watan Afrilu na 2002, watau shekarar hukuncin Bakassi, hukumar ta yanke, Badme ya faɗa gefen Eritiriya. Habasha ta ƙi janyewa, aka zauna shekara goma sha shida sojoji suna fuskantar juna, iyaka a rufe, sai a 2018 Firayim Minista Abiy Ahmed ya ce ya karɓi hukuncin. Shekara ɗaya, hukunci biyu, kowanne bisa takardun Turawa. Abin da ya bambanta su shi ne niyyar shugabanni da kuma wanda ya tsaya ya raka su har ƙarshe.

HAƘƘIN MUTANE

Malamin ya ce ba zai rufe ba sai ya faɗi inda shari'a ta gaza. Kotu ta raba ƙasa, amma ba wanda ya tambayi masuncin Bakassi ko manomin Darak wace ƙasa yake so. A Yarjejeniyar Greentree Kamaru ta yi alkawarin ba za ta kori 'yan Nijeriya ba, ba za ta tilasta musu sauya ƙasa ba, za ta mutunta harshensu da al'adunsu da dukiyarsu, ta bar su su yi su da noma. An ba da wa'adin shekara biyar na sauƙaƙawa, wanda ya ƙare a watan Agusta na 2013. Waɗanda suka zauna sun sha kukan haraji da takurawar jandarmomi. Dubbai da suka taso zuwa Jihar Kuros Riba sun yi shekaru a sansanoni suna jiran matsuguni, wasunsu an ajiye su nesa da ruwa, masunci kuwa ba ya rayuwa a tudu. Wannan bashi ba a wuyan kotu yake ba, yana wuyan gwamnatocin da suka sa hannu, kuma ƙasar da ta sami yabon duniya don bin doka ita ta fi cancanta ta biya shi.

Daga ƙarshe ya jawo hankalin taron ga abubuwan da ya ce kowane ɗan ƙasa ya kamata ya riƙa nema daga gwamnatinsa. A adana takardu da taswirori, a horar da masana tarihi da safiyo da lauyoyi, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Shugaba ya yi shawara kafin ya sa hannu a kan maganar iyaka, domin sa hannunsa zai ɗaure jikoki bayan an manta da shi. In maƙwabci ya ƙetare layi a rubuta masa da wuri, shiru yana iya zama hujja a gaba. A kafa turakun iyaka tun ana zaman lafiya, aikin da ya ci wa Nijeriya da Kamaru fiye da shekara ashirin bayan hukunci. A kuma kai wa mutanen kan iyaka hanya da makaranta da asibiti, kada a tuna da su sai ranar da za a kafa hujja da su a kotu.

Ya ce ga wanda har yanzu yake ganin an yi asara, ya duba shekarun da Boko Haram ta addabi yankin Tafkin Cadi. Sojojin Nijeriya da na Kamaru sun yi yaƙi a sahu ɗaya cikin rundunar haɗin gwiwa, dubban 'yan gudun hijira daga Borno kuma sun sami mafaka a sansanin Minawao da ke cikin Kamaru. Da a ce an warware maganar Bakassi da bakin bindiga, da wuya a sami wannan haɗin kai a lokacin da aka fi bukatarsa.